WASAN DA BA SHI DA ƘOFA

Shafi na 14

Masu tashina da saƙo tun kafin in sha koko, wai ina shafin yau, to ga shi nan, ku bar ni in huta. Masu kare Kindness a wajen sharhi kuma ban ce muku komai ba. Ku dai gyara zama.

*

Sha ɗaya saura Ihsan ta isa ofishin Dakta Thaddeus. Su sittin da uku ne a ajinsa na koyon kallon wasan kwaikwayo, duk 'yan shekarar farko, amma sunanta kaɗai aka manna a allon sanarwa, da jan biro, har da layi biyu a ƙarƙashi. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga Kubwa take neman laifinta a cikin bas, har ta sauka ba ta samo ba. Ko kuwa a ce ta samo guda ɗaya, amma wannan ba na malami ba ne, tsakaninta da Abbanta ne.

"Shigo."

Dakta mutum ne mai ban dariya a aji, yana iya kwaikwayon tafiyar kowa har ɗalibai su riƙe ciki. Yau kuwa fuskar kamar bai taɓa dariya ba. Ihsan ta kasa gane ko wannan ce fuskarsa ta gaskiya, ko ita ma kwaikwayon ce. Mutumin da sana'arsa ke nan ai sai da hattara.

"Ina kwana, sir."

Ya zaro takarda daga ƙasan wani tsibin takardu ya turo mata. Rubutunta ne, shafi uku, aikin da ya ba su mako biyu da suka wuce: kowa ya je Kubwa ranar Asabar ya kalli wasan da wata ƙungiya za ta yi, ya rubuto abin da idonsa ya gani, ya maƙala tikitinsa a sama. A kan nata an zana ƙaton sifili, an kewaye shi sau biyu.

"Karanta min ƙarshen," ya ce.

Ta ɗauka ta karanta.

"Uwar ba ta buɗe ba. Ɗan ya yi ta sallama har muryarsa ta dushe, ita kuwa tana zaune tana tsince wake a faranti. Da ta gama sai ta tashi ta karkaɗe zaninta ta tafi. A nan wasan ya ƙare, kuma an jima kafin wani ya iya yin tafi."

"Very beautiful," in ji Dakta. "A littafin da na raba muku fa, yaya aka ƙare?"

"A littafi ta buɗe ƙofar ta rungume shi."

"Good. Mutum sittin da biyu sun ga ta buɗe ta rungume shi. Ke kaɗai kika ga wake."

"Sir, kai ka ce mana kada mu rubuta abin da ke takarda. Ka ce wasa a takarda gawa ne, sai a gaban mutane yake numfashi."

"Na ce ku rubuta abin da kuka gani. Ban ce ku zauna a gida ku tsara naku ba. Ina tikitinki?"

Ta duba saman takardar. Babu komai sai huda biyu ƙanana, inda fil ya shiga ya fita.

Da hannunta ta maƙala shi, ta ma tuna sai da fil ɗin ya soke ta a yatsa. Ranar Talata da yamma ta miƙa wa ƙawarta Kindness takardar, don Kindness a makaranta take kwana, ita kuwa tana tsoron kada cunkoson hanyar Kubwa ya sa ta makara ranar Laraba. Daga hannunta zuwa hannun Kindness, daga hannun Kindness zuwa teburin nan. Tikiti dai ba shi da ƙafa.

"Na maƙala, sir."

"Kowa haka yake cewa."

Idon Ihsan bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya sauka kan tsibin takardun 'yan ajinsu, kowace da guntun tikiti fari a kunnenta. Ta san daga inda fararen nan suka fito. Meshach, wakilin aji, shi ya je tun ranar Alhamis ya kwaso su gaba ɗaya, ya yayyage, ya raba wa kowa nasa a bayan ɗakin karatu. Wa zai ɓata Asabar ɗinsa a Kubwa alhali ga wasan a rubuce a littafi? Ita da Kindness ne kawai ba su karɓa ba, suka ce a bakin ƙofa za su saya. Ranar Asabar ta jira Kindness har aka fara, ta kira sau huɗu ba a ɗauka ba. Ta duba benci-benci, ba ta ga fuskar ɗan ajinsu ko ɗaya ba.

Tikitin bakin ƙofa kuwa rawaya ne. Kuma ga guda can a tsakiyar tsibin, kunnensa ya leƙo, shi kaɗai a cikin farare.

"Sir, takardar waye waccan mai rawayan tikiti?"

Ya ɗora tafin hannu a kan tsibin. "Ba ki zo nan don duba aikin wasu ba."

Da ya ce bai sani ba, ko ya zaro ya duba, da hankalinta ya ɗan kwanta. Amma saurin hannun nan ya yi yawa. Shi ne fa ya koya musu a mako na biyu cewa kada su kalli bakin ɗan wasa, baki an ba shi abin faɗi, su kalli hannunsa. To yau ga ɗalibarsa tana aiki da karatu.

"Ki ji, yarinya," ya ce, ya sassauta murya. "Ba da wasu nake auna ki ba. Ni kaina ina wurin. Ina zaune can baya, kusa da ƙofar zauren, ba wanda ya lura da ni. Na ga komai."

Ta sunkuyar da kai don kada ya ga idonta.

"Can baya, sir?"

"Can baya."

"Ƙarƙashin fankar nan? Ni zafi ya dame ni a gaba. Tana aiki kuwa?"

"Tana yi mana. Har sanyi ya yi min yawa."

Yana faɗa yana danna kan biro, ƙas, ƙas, ƙas.

Ashe haka ne. Ihsan ta ji tsoro da takaici sun haɗu mata lokaci guda, don ba a cikin zauren aka yi wasan ba. Masu zauren sun yi kuskure sun ba da shi ga 'yan biki a rana ɗaya, amarya da ango suka riga kowa shiga. Sai aka kwaso bencina aka jera a waje, ƙarƙashin mangwaro, aka yi wasan a fili, kiɗan bikin na shigowa jefi-jefi. Babu fanka. Babu bango. Babu ma ƙofar da uwa za ta buɗe.

Malamin da ya ce su je, shi ma bai je ba. Nan take ta tuna abin da Meshach ya yi ta alfahari da shi jiya, cewa makin kowa ya riga ya hau ofishin shugaban sashe, da sa hannun Dakta, da takardar shaidar cewa shi ya jagoranci ɗalibai zuwa kallon. Idan shafi ukunta gaskiya ne, to sittin da biyu sun yi ƙarya, shi kuma ya sa wa ƙaryar hannu. Biri ya yi kama da mutum. Ba don ta yi ƙarya aka kira ta ba.

Hujja kuwa tana da ita, hujjar da ba ta da maƙaryaci. Ita ce kuma abin da ta ƙi rubutawa a shafi ukun.

Ranar da ta kai wa Abba takardar rajistar kwas ɗin nan a garejinsa na Apo, sai da ya goge hannu da tsumma, ya karanta ta sau biyu. Malam Hassan ba mai yawan magana ba ne. Ya ce, "Kallo kawai, ko?" Ta ce kallo kawai. Ya ce, "To. Ranar da ƙafarki ta shiga cikin 'yan wasa, ranar kin gama jami'a. Na yarda da ke, kada ki sa in daina." Ta yi masa alkawari, ya sa hannu.

Sai ga Asabar. Da aka rasa ƙofa, Madam Lucia, matar da ta fito a uwa, ta zaro zanin gado daga jakarta ta ce mutum biyu su taso su riƙe, shi ne zai zama ƙofar. Ta nuna wata dattijuwa, ta nuna Ihsan. "Ke mai hijabi ruwan toka, zo." Kafin Ihsan ta haɗa kalmar a'a, ta tsinci kanta a tsakiyar fili, gefen zani a hannunta, idon mutane a kanta. Minti arba'in tana tsaye. Ɗan yana sallama a kunnenta na dama, uwar na tsintar wake a hagunta, ita tana kuka zanin yana rawa. Da aka tashi Madam Lucia ta riƙe kafaɗarta ta ce, "Shekara uku ina buɗe ƙofar nan. Yau da na ga tana rawa sai na ji uwar ba ta shirya ba." Ta karɓi sunanta da lambarta.

Mutum ɗaya tak Ihsan ta ba wa labarin nan a duniya, ranar Lahadi, a waya, bayan ta sa Kindness ta rantse mata.

"Kin yi shiru," in ji Dakta. "To bari mu ji daga wanda ya je." Ya ɗaga murya kaɗan. "Kindness."

Ƙofar ƙaramin ɗakin da ke gefe ta buɗe. Ba daga waje ta shigo ba. Tun ɗazu tana ciki ke nan, tana jin komai, an ajiye ta kamar yadda ake ajiye ɗan wasa a bayan labule sai lokacinsa ya yi.

Kindness ta tsaya a gefen teburin, ta rungume jakarta, ta ƙi kallon inda Ihsan take. Yarinyar da suke cin abinci a roba ɗaya tun ranar rajista. Yarinyar da Umma take ɗura wa miyar kuka a kwano ta ce a kai mata makaranta.

"Kin je wasan?" Dakta ya tambaya.

"Yes, sir."

"Kin ga Ihsan a wurin?"

"Ban gan ta ba, sir."

Wannan kam gaskiya ta faɗa. Wanda bai je ba, ina zai ga wanda ya je?

"Kindness," in ji Ihsan a hankali, "wane launi ne tikitinki?"

"Ban... I don't remember."

"Nawa ne ya yi rawaya. Ki tuna da kyau, ranar Talata yana hannunki."

"Ni ban taɓa miki komai ba. Yadda kika ba ni haka na kawo."

"To dube ni ki faɗa."

Ba ta duba ba. Yatsunta sai murza igiyar jaka suke yi.

"Ya isa," in ji Dakta. "Nan ba kotu ba ce." Ya zaro farar takarda sabuwa, ya ɗora wani biro a kai, ya turo gaban Ihsan. "Ni uba ne, ina da 'ya kamar ki, ba na son in ɓata miki record tun daga shekarar farko. Ga hanya biyu. Ki zauna nan ki sake rubutawa daidai da abin da kowa ya gani, in ba ki C, in yaga wancan, magana ta mutu. Ko kuma ranar Alhamis ki tsaya gaban kwamitin ladabtarwa a kan ƙirƙirar rahoto. Kin san hukuncinsa."

Ta sani. Dakatarwa na shekara guda, da suna a allo.

Ta kalli farar takardar. Sakin layi ɗaya ne fa. Uwar ta buɗe, ta rungume shi, kowa ya yi tafi. In ta rubuta, ta koma gida, Abba bai ji komai ba, Kindness ta tsira, ajin ya tsira, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Har hannunta ya kai kan biron. Sai dai abin da ya tokare ta shi ne, duk rayuwarta ba ta taɓa ganin abin da ya shige ta kamar matar nan da farantin wakenta ba, kuma yanzu ana so ta rubuta da hannunta cewa bai faru ba.

Ta janye hannun.

"Sir, ba a cikin zauren aka yi wasan ba."

Danna biron ya tsaya.

"'Yan biki ne a zauren. A waje aka yi, ƙarƙashin mangwaro. Babu fanka, sir."

Dakta ya dube ta, ya dubi Kindness, irin kallon wanda aka bari ya taka rami da rana tsaka. Ita kuwa Kindness ƙasa take kallo. Ta san da maganar mangwaron tun Lahadi, amma faɗa masa daidai yake da tona kanta, sai ta bar shi ya zuba.

"Wa zai shaida wannan?" ya ce daga ƙarshe. Muryar ta canja, ta bushe. "Maganarki ce kawai, ba tikiti, ba hoto."

"Madam Lucia za ta shaida."

"Matar da ke ganin ɗaruruwan fuskoki? Ta ina za ta tuna ki?"

"Za ta tuna ni."

"Ihsan." Kindness ce, karon farko da ta ɗago kai. Idonta ya yi ja. "Ki bari, please. Mu sittin da biyu ne fa. Za a kore mu duka."

"Da kika cire tikitina, mutum nawa kika ƙirga?"

"Ban san zai kai haka ba, wallahi. Na ɗauka zai rage miki maki biyar kawai."

Ta faɗa kafin ta ji abin da ta faɗa. Ta kai hannu baki, amma magana zarar bunu ce. Dakta ya rufe ido kamar mai ciwon kai.

"Ta yaya za ta tuna ki?" ya sake tambaya, a hankali.

Ihsan ta tuna alkawarinta. Ta ga gareji, ta ga tsumma a hannun Abba.

"Da aka rasa ƙofa, zanin gado aka riƙe. Mutum biyu suka riƙe shi daga farko har ƙarshe, a gaban kowa." Ta numfasa. "Ni ce ɗaya, sir. A hannuna ta ƙi buɗewa."

"Ihsan, Abba fa?" in ji Kindness da sauri. "Ki tuna Abba."

Ko tausayi ne ya sa ta faɗa, ko neman tsira, Ihsan ba ta sani ba, kuma ta tabbata ba za ta taɓa sani ba. Abin da ta gani kawai shi ne yadda Dakta ya buɗe ido, ya juya gaba ɗaya ya fuskanci Kindness.

"Me ya sami Abban?"

"Ba komai, sir."

"Kindness, takardarki tana ƙarƙashin hannuna. Me ya sami Abban?"

Sai ta faɗa. Da guntun Turanci da guntun Hausa, tana kuka tana faɗa, har da maganar an gama jami'a. Rantsuwar ranar Lahadi ba ta kai mako biyu ba.

Dakta Thaddeus ya jingina da kujera. Fara'ar aji ta dawo fuskarsa kaɗan-kaɗan, Ihsan kuwa ta fi tsoron wannan fuskar a kan ta ɗazu.

"I see," ya ce. "To ai kin kyauta da kika faɗa min. Kin san kwamiti ba ya zama a kan ɗan shekarar farko sai uba ko waliyyi yana wurin. Doka ce, ba ni na kafa ba. Za a aika wa mahaifinki takarda gobe. Ki kawo Madam Lucia ɗinki, ta tsaya ta ba da labari dalla-dalla, yadda kika tashi, yadda kika shiga fili, minti nawa kika yi. Shi kuma yana zaune yana ji." Ya sake turo farar takardar da ɗan yatsa, har ta taɓa hannunta. "Ko kuma sakin layi ɗaya. Ki yi tunani, ba sauri nake ba."

Gaba kura, baya sayaki. Ta ci nasara a kwamiti ta rasa jami'a a gida, ko ta riƙe jami'a ta sa hannu cewa ita maƙaryaciya ce. Ya auna ta daidai, kuma ya san ya auna ta daidai, don har ya fara gyara tsibin takardunsa kamar an gama.

Hawaye ya cika idonta, ta bar shi ya zubo, ba ta goge ba. Abba ya ce ya yarda da ita. Kwana goma tana gaishe shi da safe tana kauce wa idonsa, ta gaji. In zai ji, to ba daga bakin baƙuwa ba, ba a gaban kwamiti ba, ba kuma a matsayin sandar da wani zai riƙa ɗaga mata ba.

Ta buɗe jaka ta ɗauko waya.

"Me za ki yi?" in ji Dakta.

Ta danna lamba, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta ɗora wayar a kan farar takardar.

"Ihsan, don Allah," Kindness ta ce cikin raɗa.

Ta yi ƙara sau ɗaya. Sau biyu. Dakta ya miƙo hannu kamar zai kashe, sai ya tsaya a hanya. A na uku aka ɗauka, ƙarar guduma da injin gareji suka cika ofishin.

"Assalamu alaikum. Ihsan? Ba kina aji ba? Lafiya?"

"Lafiya lau, Abba." Ta matso kusa da wayar. "Ina ofishin malaminmu, yana jin ka. Ka ɗan matsa inda ba hayaniya. Akwai alkawarin da na karya maka, kuma ina so ka ji daga bakina."

Gudumar ta tsaya.

"Ina jin ki," in ji Abba.